Ƙanena yana da farfaɗiya, ko a yi masa allurar korona?

Wata baiwar Allah daga unguwar Zariya a nan Maradi ta rubuto mana a kan ƙanenta. Shekararsa 26, tela ne, kuma farfaɗiya ta same shi tun bayan sanƙarau da ya yi yana ɗan shekara 11. Kowane dare yana shan Gardenal ƙwaya ɗaya ta miligiram 100. Rabonsa da faɗuwa wata biyar ke nan, wancan karon ma maganin ne ya ƙare aka yi kwana huɗu ba a saya ba. Mahaifiyarsu ta haura 60, tana fama da hawan jini da ciwon suga, sai manjon asibitin unguwa ya ba da shawarar a yi mata allurar rigakafin korona, ya ce ƙanen ma ya zo a yi masa. Kawunsu ya ce sam, wai allurar tana tayar da ciwon. Wata maƙwabciya kuma ta ce in dai za a yi, to ya ajiye maganinsa kwana uku, kada maganin da allurar su haɗu a jiki su yi karo. Tambayarta ita ce: a yi ko a bari, in kuma za a yi, ta yaya?

Ƴar'uwa, Allah ya saka miki da alheri bisa ɗawainiyar da kike yi da ƙanenki, ya kuma ba shi lafiya mai ɗorewa. Farfaɗiya ba ta hana mutum allurar korona, kuma Gardenal ba ya karo da ita. Abin da ya tayar mana da hankali a wasiƙarki ba allurar ba ce, shawarar maƙwabciyar nan ce, don haka da ita za mu fara.

Kada ya tsallake ko dare ɗaya. Gardenal magani ne da ke kwantar da wutar ƙwaƙwalwa, kuma wanda ya shekara goma sha yana shansa, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta saba da wani mizani nasa a cikin jini. Yana daɗewa a jiki, sai ya yi wajen kwana huɗu kafin rabinsa ya fita, shi ya sa in aka daina ba a ganin komai ranar farko ko ta biyu, har mutum ya ɗauka ba abin da ya faru. Sai a rana ta uku, ta huɗu ko ta biyar ciwon ya dawo, sau da yawa ma ya fi na da tsanani: faɗuwa a kan faɗuwa, mutum bai farfaɗo daga ta farko ba ta biyu ta zo. Wannan shi ne nau'in da ke kashewa, ko ya bar wa ƙwaƙwalwa tabo. Kun riga kun ga ɗan samfurinsa wata biyar da suka wuce. To ki lissafa: in ya ajiye maganin kwana uku sannan aka yi masa allura, ranar da maganin ya yi ƙasa a jininsa ita ce ranar da zafin jikin allurar zai zo. An gudu gara an faɗa wa zago. Kuma in ya faɗi, duk unguwa za ta ce allura ce, ba mai tuna ƙwayoyin da aka bari cikin leda.

Maganar karo kuwa ba ta da tushe, domin hanyoyinsu daban. Ƙwayar tana bi ta ciki, ta shiga jini, ta je ƙwaƙwalwa, hanta ta sarrafa ragowar. Allurar kuma ɗan ruwa ne da bai wuce rabin mililita ba, ana sa shi a tsokar damtse, aikinsa yana gudana a nan da kuma kaluluwar hammata, inda garkuwar jiki ke koyon kamannin ƙwayar cutar. Allurar ba ta rage ƙarfin maganin farfaɗiya, shi ma ba ya hana ta aiki. Haka abin yake ga masu shan Tegretol, Depakine, Keppra da sauransu.

Shi kuwa Kawu, ba za mu ce maganarsa iska ba ce gaba ɗaya. Akwai ɗan abin kamawa a cikinta, sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Allurar ba ta taɓa ƙwaƙwalwa. Abin da take iya kawowa shi ne masassara ta kwana ɗaya ko biyu, ciwon jiki, kasala, wani lokaci tashin zuciya. Zafin jiki yana sauƙaƙa wa ciwon tashi ga wasu masu farfaɗiya. Ciwon damtse yana iya hana barci, rashin barci kuwa yana daga cikin manyan masu tayar da shi. Amai kuma yana iya fitar da ƙwayar dare kafin ta narke. Waɗannan ukun su ne ƙofofin, kuma duka ana iya tsare su. Ƙungiyar likitocin farfaɗiya ta duniya, ILAE, ta bayyana tun farkon fitowar alluran cewa babu shaidar mai farfaɗiya ya fi sauran mutane fuskantar illarsu, kuma haɗarin cutar kanta ya fi na allurar nesa ba kusa ba. Bibiyar da aka yi wa masu farfaɗiya a ƙasashe daban-daban bayan an yi musu ta nuna mafi yawansu ba abin da ya canza. Ƴan kaɗan ne suka sami ƙarin faɗuwa na ɗan lokaci, galibi waɗanda dama ciwon nasu bai kwanta ba.

Ki auna da ita koronar. Tana iya kawo masassarar kwana biyar ko mako, da amai da gudawa, da tarin da ke hana runtsawa, in ta yi tsanani kuma iskar da ke isa ƙwaƙwalwa ta ragu. Ƙofofin nan uku duk a buɗe, na tsawon kwanaki, ba shiri. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: Paxlovid, ƙwayar da ake bai wa masu korona don kada ta yi tsanani, ba a haɗa ta da Gardenal ko Tegretol ko fenitoyin, saboda waɗannan suna sa hanta ta ƙone ta da sauri har ta zama ba ta da amfani. Wato in ƙanenki ya kamu, hanyoyin yi masa magani sun fi na wani ƙanƙanta.

Amma gaskiya ɗaya ce, kuma za mu faɗa miki ita: a gidanku wadda ta fi buƙatar allurar nan Inna ce. Tun ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye korona daga matsayin annobar gaggawa, duk da cewa cutar na nan tana yawo, kuma waɗanda hukumar ta sa a sahun gaba a shekarar 2023 su ne tsofaffi, masu cututtuka irin su suga da ciwon zuciya ko ƙoda, masu raunin garkuwar jiki, mata masu juna biyu da ma'aikatan lafiya. Inna ta shiga ta ƙofa biyu. Saurayi ɗan 26 da farfaɗiya kaɗai ke damunsa ba ya cikin sahun farko. Ra'ayinmu shi ne ya yi, saboda dalilan da muka kawo, kuma saboda gida ɗaya yake kwana da dattijuwa mai suga bayan ya wuni a shago yana cuɗanya da jama'a. Amma kada gardamar da ake yi a kansa ta sa a jinkirta tata. Kuma mun lura wasiƙarki ta kawo ra'ayin Kawu da na maƙwabciya, ba ta kawo nasa ba. Magidanci ne a shekaru, jikinsa ne. Ki karanta masa wannan amsa, ki ji ta bakinsa. Masu farfaɗiya sun gaji da a riƙa yanke musu hukunci suna zaune a wurin kamar ba su nan.

In ya amince, zaɓen ranar shi ne rabin aikin. Ya kasance lafiya lau, ba masassara. In zafin jikinsa ya kai digiri 38.5 a ɗage sai ya warke, mura ƴar kaɗan ba ta hanawa. Kada a yi a makon da ya faɗi, ko makon da likita ya canza masa magani ko ya ƙara ko ya rage, domin in wani abu ya biyo baya ba za a gane mafarinsa ba. Tunda tela ne, ki cire makonni biyun da ke gaban Sallah daga lissafi: lokacin da ake kwana a kan keke, ga tulin shadda, ga shayi zagaye uku har asuba, wannan kaɗai ya ishi mai farfaɗiya haɗari ba sai an ƙara masa wani abu ba. Haka makon biki, da ranar da yake azumi. A zaɓi safiyar Litinin ko Talata, don kwana biyun da ke biye su faɗo lokacin da ma'aikatan asibiti ke nan cike. Kada a yi masa rana ɗaya da Inna. Ki bar mako guda a tsakani, don kada ki wayi gari da majinyata biyu ke kaɗai. Sannan kafin ku fita ki ƙirga ƙwayoyin Gardenal da hannunki, su kai na mako biyu aƙalla, ki kuma tanadi parasitamol da ma'aunin zafin jiki daga farmasi.

Ku tafi da kwalin maganin da takardar likita da karnen rigakafi in yana da shi. Ya karya kumallo sosai, ya sha ruwa. Da kun zauna ku gaya wa mai allurar abu huɗu: yana da farfaɗiya, ga maganin da yake sha, ga ranar faɗuwarsa ta ƙarshe, ga kuma ko ya taɓa samun kumburin fuska ko sarƙewar numfashi bayan wata allura ko magani. Na ƙarshen nan shi ne ainihin abin da ke hana a yi wa mutum, wato mummunan borin jini ga allurar da ta gabata ko wani sinadarin da ke cikinta. Ƙurajen da Tegretol ko Gardenal kan fesa wa wasu ba su hana allura, amma a faɗa. Masu shan Depakine su danne wurin da auduga minti biyu cur, domin maganin kan rage ƙwayoyin da ke daskarar da jini ga wasu.

Ku tambayi sunan allurar, a rubuta shi a karne tare da lambar kwalba da kwanan wata. Tun da aka fara rigakafin a Nijar a watan Maris 2021 an yi amfani da Sinopharm, AstraZeneca, Johnson & Johnson da Pfizer, kuma babu ɗaya a cikinsu da aka haramta wa mai farfaɗiya. Da farko yawancinsu sau biyu ake yi, Johnson kaɗai ce sau ɗaya. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a shekarar 2023 ita ce allura ɗaya ta wadatar ga mafi yawan manyan da ba su taɓa yi ba, irin su Inna kuma a sabunta musu bayan wata 6 zuwa 12. Manjo zai gaya muku tsarin da ake bi ranar da kuka je.

A yi masa a zaune, a damtsen hannun da ba shi ne na almakashi ba. Kowa ana ce masa ya jira minti 15, shi mun fi son ya yi 30, a inuwa, kina kusa. Ga wani abu da ke ruɗa mutane a wurin: wasu, musamman matasa, tsoron allura kan sa su suma. Mutum ya ji jiri, gumi ya keto masa, idonsa ya yi duhu, ya sulale, har ƙafa ko hannu ya ɗan motsa sau biyu ko uku. In aka kwantar da shi aka ɗaga ƙafafunsa, kafin minti ɗaya ya dawo hayyacinsa, ya san inda yake. Wannan suma ce, ba farfaɗiya ba. Ita farfaɗiya kin san ta: sandarewa, jijjiga mai tsari, wani lokaci cizon gefen harshe ko fitsari, bayan ta lafa kuma ruɗewa da barci mai nauyi. Ki lura da kyau wacce kika gani, domin likita zai tambaya. Komawa gida a adaidaita, ba shi ke tuƙa babur ba, kuma ba a bayan kabu-kabu ba.

Yanzu awa 48 na farko, inda aikinki yake. Ba a shan parasitamol kafin allura, bayanta ake farawa. Ga mai farfaɗiya, musamman wanda zafin jiki ya taɓa kayar da shi, ana ba da shi a kan lokaci na kwana biyu ba tare da jiran masassarar ta zo ba. Babban da ya haura kilo 50 yana shan ƙwaya biyu ta miligiram 500, wato giram ɗaya, duk bayan awa 8: misali ƙarfe 2 na rana, 10 na dare, 6 na safe. Giram 3 ke nan a yini, kuma a nan za a tsaya. Ga sauran mutane iyaka giram 4 ce, amma Gardenal yana canza yadda hanta ke sarrafa parasitamol, don haka mun fi son a rage masa. In siriri ne bai kai kilo 50 ba, ƙwaya ɗaya duk awa 6. Ki sani Doliprane da Efferalgan duk parasitamol ne, kuma yawancin magungunan mura na haɗi suna ɗauke da shi a ciki. Mutum ya sha wannan ya sha wancan yana ganin abu daban-daban ne, ashe abu ɗaya yake tarawa hanta.

Tramol kuwa ko kusa. Muna nanata wannan domin mun san yadda ya zama ruwan dare a wuraren aikin ƙarfi da shagunan da ake kwana aiki, kuma abokin arziki na iya miƙa masa ɗaya don ciwon damtse da kyakkyawar niyya. Tramol yana kayar da wanda ma bai taɓa farfaɗiya ba, balle mai ita. Duk wani magani na masu yawo da faranti a ka, a bar shi.

Ki auna zafinsa safe, rana da dare, ki rubuta. In ya kai 38, ya rage kaya, ya kwanta inda iska ke shiga, a goga masa tsumma mai ruwa mai ɗan ɗumi a goshi, wuya da hammata. Ba ruwan ƙanƙara ba, shi yana sa rawar ɗari ne zafin ciki ya ƙaru. Ya sha ruwa da yawa, kunu, fura marar tsami, duk abin da cikinsa ya karɓa. In lokacin bazara ne, da zafin Maradi ke wuce digiri 40, a ninka kula da ruwan sha. Ya kwanta da wuri, ba shayi bayan la'asar, a ajiye waya. Ƙwayar dare a lokacinta na kullum, ki tsaya ki ga ya haɗiye. In ya yi amai cikin rabin awa da shanta, ko kika ga ƙwayar a cikin aman, ya huta kaɗan ya sake shan wata. In an fi awa ɗaya, ta riga ta shiga, kada a ƙara. In aman ya ƙi tsayawa har ƙwaya ba ta zama, asibiti za ku tafi a daren, akwai na allura.

A kwana biyun nan ya huta da shago. Ba dutsen guga na gawayi, ba zama bakin murhu, ba jan ruwa a rijiya, ba hawa sama. Wanka da bokiti a zaune, ƙofar makewayi a saye amma ba a kulle ba, wani yana tsakar gida. Ya kwana a katifa a ƙasa, da wani namiji na gida a ɗakin. Mafi yawan raunin masu farfaɗiya ba daga jijjigar yake zuwa ba, daga abin da suka faɗa a kai ne, wuta ko ruwa.

Masassarar allura ba ta cika wuce kwana biyu ba, da wuya ta kai uku. In ta zarce, ko ta haura 39, ko ta fara bayan kwana uku da yin allurar, kada ku ɗora wa allura ku zauna. A jiharmu, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka, zazzaɓin cizon sauro ne farkon abin zargi, kuma gwajin ɗigon jini a yatsa minti 15 zuwa 20 ne. In akwai sanƙarewar wuya, amai da ƙin haske, alamun sanƙarau ke nan, kun san wannan ciwon a gidanku, ba a kwana da shi. Duk wanda zai rubuta masa magani a gaya masa akwai farfaɗiya da Gardenal, domin meflokin da kulorokin da sifrofuloksasin suna iya tayar da ciwon, kuma Gardenal kan raunana wasu magungunan.

In Allah ya ƙaddara ya faɗi, ki dubi agogon wayarki tukuna, domin minti ɗaya a irin wannan hali yana kama da goma. Ki janye kujera, almakashi, bokiti, duk abin da ke kusa. Ki sa zane a naɗe ƙarƙashin kansa, ki kwance maɓallin wuya. Kada a danne shi, kada a sa masa cokali ko tsinke ko yatsa a baki: mutum ba ya haɗiye harshensa, cokalin haƙori yake karyawa. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko man ja, kada a yi masa hayaƙi ko a tura masa albasa a hanci, domin duk abin da aka zuba a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa huhu yake tafiya. Da jijjigar ta lafa ki juya shi kan gefensa, fuska ta ɗan kalli ƙasa don yawu ya zubo, ki zauna da shi har ya gane ki. Yawun nan ba ya sa wa kowa ciwo, ki goge masa da hannunki ba fargaba, ki kuma sallami ƴan kallo.

Asibiti nan take in jijjigar ta wuce minti 5, ko ta biyu ta zo bai farfaɗo ba, ko ya ji rauni a ka, ko numfashinsa bai daidaita ba bayan ta tsaya, ko an yi rabin awa bai fara dawowa hayyacinsa ba. A nan ana buƙatar Valium ta jijiya ko ta dubura daga hannun ma'aikacin lafiya. Ku nufi asibiti mafi kusa, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku babban asibitin jiha. Tun kafin ranar allura ki ajiye lambar mai adaidaita ko mai motar da zai ɗaga waya da tsakar dare. A kwance kan gefensa za a ɗauke shi.

In faɗuwar ta zo irin wadda ya saba, gajeriya, ya farfaɗo lafiya, ba sai an ruga da dare ba, amma washegari a sanar da wanda ya yi allurar da kuma likitansa. Faɗuwa ɗaya ba ta nufin an rufe masa ƙofar allura har abada. Za a duba ko masassara ce, ko barci, ko ƙwaya ce ta kuɓuce, kuma ga wanda zafin jiki ke yawan kayar da shi likita na iya ƙara masa wani magani irin Urbanyl na ƴan kwanaki a karo na gaba. Wannan hukuncin likita ne, ba na kanti ba.

Akwai alamu biyu da ba kasafai ake ganinsu ba, ba su da alaƙa da farfaɗiya, amma ya kamata ki san su. Bayan Pfizer, samari ƴan kaɗan kan sami kumburin tsokar zuciya cikin makon farko: ciwon ƙirji, bugun zuciya, haki. Bayan Johnson ko AstraZeneca kuma, daga kwana 4 zuwa wata guda, ciwon kai mai tsanani da ya ƙi jin magani, gani dishi-dishi, kumburin ƙafa ɗaya ko ciwon ciki marar yankewa na iya zama alamar gudan jini. Kowanne daga ciki, asibiti a ranar, da karne a hannu.

Ga sauran masu karatu da ke da irin wannan a gida: mace mai farfaɗiya da ke da ciki ko take shayarwa ana yi mata allurar, kuma ita ma ba ta ajiye maganinta da kanta. In Depakine take sha tana kuma shirin ɗaukar ciki, ta ga likita tun kafin cikin, domin yana iya yi wa ɗan tayi illa. Yaron da ƙaramin zafin jiki ke jefa shi cikin doguwar jijjiga, a tsara komai da likitan yara kafin kowace allurar rigakafi, ba ta korona kaɗai ba.

Kawu kuma kada ki yi ja-in-ja da shi a gaban mutane. Tsoron da yake ji ƙauna ce. Ki same shi shi kaɗai, ki ce masa kin bincika, an ce gaskiyarsa zafin jiki na iya tayar da ciwon, ga kuma shirin da aka yi don tare shi. Ki roƙe shi ya raka ku ya yi wa manjo tambayoyinsa da bakinsa. Addu'a da tofi da yake yi wa ɗansa ya ci gaba, ba su hana ƙwaya, ƙwaya ba ta hana su. Abin da ba za a taɓa ba shi ne maganin dare.

Sai mu koma kan kwana huɗun nan da magani ya yanke, domin su ne suka kayar da shi, kuma za su sake in ba a toshe hanyar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 7 cikin 10 masu farfaɗiya za su iya rayuwa ba faɗuwa in suna samun maganin da ya dace ba yankewa, kuma alamu sun nuna ƙanenki yana cikinsu. Ku sa doka a gida: ranar da ƙwaya ta rage bakwai, ranar ake sayen sabuwa, kuɗinta a ware shi daga ɗinkin farkon wata kafin a taɓa komai. A saya a farmasi ko asibiti da takardar likita, a duba kwanan lalacewa, a ajiye cikin kwalinsa nesa da rana da danshi da hannun yara. In zai yi tafiya, ko Katsina ce ta wuni ɗaya, ya ɗauki na kwana uku a aljihu. Ki samo ƙaramin littafi ki riƙa rubuta ranar kowace faɗuwa, tsawonta, da abin da ya gabace ta, ki sa ranar allurar da sunanta da zafin jikin da kika auna a shafi ɗaya, ku tafi da shi ganin likita na gaba.